Mariya 'Yar Loyis

Duk wanda ya saba bi ta Terminus da safe, ta gefen da masu kayan jarirai suke baje koli tun bayan da babbar kasuwa ta ƙone, zai iya tuna wata doguwar mata mai hijabi ruwan toka, zaune kan benci da ƙullin zaren ulu a cinya. Ita ce Mariya. Sana'arta saƙa: suwaitar jarirai, huluna, safa, da ƙananan barguna. A gari irin Jos, inda sanyi kan shiga ƙashi har da damina, mai irin wannan sana'a ba ta rasa ciniki. Abokan zamanta Maman Kausar suke kiranta, amma tsofaffin Nasarawa Gwom da suka san asalinta har yau Mariya 'yar Loyis suke cewa.

Kakanta na wajen uba daga ƙasar Kano ya zo zamanin haƙar kuza, ya ga gari ya karɓe shi, bai sake komawa ba. Ɗansa Ishaku bai bi shi rami ba, ɗinki ya koya, ya buɗe ɗan shago a ƙofar gida. Loyis kuwa 'yar Berom ce daga wani ƙauye bayan Bukuru, tana kawo kabeji da dankalin turawa cikin gari. Wata rana ta kawo masa atamfa ya ɗinka mata. Ɗinkin da bai fi na yini guda ba ya ƙi ƙarewa, kullum ta zo sai ya ce saura maɓalli, ko saura guga, ta dawo jibi. Da ta gane inda aka dosa sai ta daina tambayar ɗinkin, ta riƙa zama kan benci suna hira.

Dangin kowa sun yi tsaki, an kai ruwa rana, amma daga ƙarshe aka ɗaura aure. An yi magana tun farko cewa 'ya'ya addinin uba za su bi, Loyis kuma ba mai taɓa mata cocinta. A haka aka zauna. Ran Juma'a ita ce mai goge wa Malam Ishaku babbar riga da dutsen guga na gawayi. Ran Lahadi shi ne mai ɗaukarta a bayan babur, ya sauke ta kusa da ƙofar coci, ya juyo shago. Da azumi ita ke tashi girkin sahur, ita ke yayyafa wa yara ruwa a fuska idan sun ƙi tashi sallar asuba. Yaran su biyu ne: Mariya, da ƙaninta Sharafaddeen da kowa ke kira Sharafa.

Abin da ya fi ɗaure wa Mariya kai tana ƙarama shi ne, Baba da Mama duk Allah suke cewa. In za a yi tafiya, Allah ya kiyaye. In an yi alkawari, in Allah ya yarda. Suna ɗaya ne a bakinsu, amma yadda suke tunkararsa ya sha bamban. Baba sai ya yi alwala, ya gyara riga, ya fuskanci gabas, ya yi ƙasa da murya. Mama kuwa tana zaune tsakar gida da kwarashi a hannu za ka ji tana magana ita kaɗai, kamar da maƙwabciya ta bayan katanga.

"Ya Uba, Ka dai ga shinkafar nan ba za ta kai mu ƙarshen wata ba. Na faɗa maka tun yanzu, kada Ka ce ban faɗa ba."

Malam Ishaku yakan tsayar da keken ɗinki ya leƙo yana dariya. "Loyis, a riƙa yi a hankali mana. Sarkin sarakuna fa ake wa magana."

"Ai shi ya sa nake faɗa masa da bakina," in ji ta, "ba sai na aika ɗan saƙo ba."

Mariya ta ɗauki abin kamar yadda ta ɗauki bambancin muryoyinsu, bai hana ta barci ba. Sharafa ne abin ya tsaya wa a rai. Yaro ne mai zurfin ciki tun asali. Wata rana ya dawo daga Islamiyya ya ƙi cin abinci, ya raɓe bayan ƙofa yana sheshsheƙa. Da ƙyar aka ji dalili: wani ɗan ajinsu ne ya ce masa uwarsa 'yar wuta ce. Loyis ta ji, ta shige ɗaki. Malam Ishaku ya kira yaron shago.

"Kai ka halicci uwarka?"

"A'a, Baba."

"To hukuncinta ba a hannunka yake ba, ba a hannun ɗan ajinku yake ba, ni ma ba a nawa yake ba. Abin da aka ɗora maka shi ne ka riƙe sallarka, ka yi mata biyayya. Je ka ci tuwonka."

Ya je ya ci tuwon. Amma Mariya, da suke kwana ɗaki ɗaya, ta san tsoron bai fita ba. Ya dai sami wuri ya kwanta ne a cikinsa, ya yi ta girma tare da shi.

Mariya ta koyi saƙa a hannun uwarta, ita kuma Loyis a zumuntar mata ta cocinsu ta koya. Da saƙar ta karɓu sai suka kama rumfa a babbar kasuwa. A nan Mariya ta haɗu da Musiliu, direban bas da ke jigila tsakanin Terminus da Bukuru, Bayarabe Musulmi wanda iyayensa suka zo daga Ogbomosho tun yana goye. Ranar da ta gaya masa, cikin ɗari-ɗari, cewa mahaifiyarta Kirista ce, dariya ya yi har yana dukan sitiyari.

"Wannan ne abin da kike ta ɓoyewa? A gidanmu babana ladan ne, ƙaninsa shi ke buga ganga a coci. Ragon Sallah tare muke ci, shinkafar Kirsimeti tare muke ci. In faɗa ya tashi, a kan fili ne, ba a kan Allah ba."

Suka yi aure, suka sami 'ya mace, Kausar. Malam Ishaku ya ga jikarsa kafin ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Loyis ta yi masa takaba cikakkiya, ko da yake ba wanda ya ce dole ta yi.

Ba a daɗe ba rikicin dubu biyu da ɗaya ya ɓarke. Garin da mutane suka saba zama a cakuɗe ya tsage, kowa ya gudu inda nasa suka fi yawa. Maƙwabta ne suka ɓoye Loyis a ɗakin wata tsohuwar Hajiya, suka lulluɓa mata mayafi, samarin layin suka ce duk mai nemanta sai dai ya bi ta kansu. Da ƙura ta lafa, ƙanin Loyis, Badung, ma'aikacin gwamnati kuma dattijo a cocinsu, ya aiko da mota aka kai ta gidansa a Daɗin Kowa. Ta tafi tana kuka, tana cewa a shayar mata da shukar barkononta. Shekarar da ta biyo baya babbar kasuwa ta ƙone, rumfarsu da duk zaren da ke ciki suka zama toka.

A wannan lokacin ne Mariya ta fara sanin wani irin bushewar zuciya. Ba ta bar sallah ba ko sau ɗaya, amma ji take kamar baki ne kawai ke motsi. Ta rasa wanda za ta gaya wa sai uwarta.

"Mama, ina tsayawa, ina ruku'u, ina sujada, amma kamar ina ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ba kowa."

Loyis ba ta ɗaga kai daga saƙarta ba. "To faɗa masa haka. Ki ce, na zo ban same Ka ba."

"Mama, mu ba haka muke yi ba."

"Yi yadda kuke yi, 'yata. Ni dai kada ki daina zuwa ƙofar."

Ba ta daina ba. A hankali, ba tare da ta san ranar da abin ya faru ba, zuciyar ta sake jiƙa. Musiliu ya ƙera mata benci, ta koma bakin titi da ƙullin zare kaɗan, ta fara daga farko.

Shekaru suka yi ta wucewa. Duk ranar Asabar Mariya takan hau keke mai ƙafa uku ta ratsa gari zuwa Daɗin Kowa, da kwanon masa ko dambu, su wuni suna saƙa da hira. Sharafa ya zama mai gyaran wutar lantarki, da yamma kuma yana koyar da yara karatu. Mutum ne da unguwa ta shaida: ba ya ƙarya, ba ya cin haƙƙin kowa, ba a rasa shi a sahun gaba. Bai taɓa barin uwarsa ta nemi wani abu ta rasa ba. In ya je gaishe ta har ƙasa yake durƙusawa. Sai dai duk ranar da ya dawo daga can, matarsa takan ce ba ya iya cin abinci. Shi Allah a wurinsa mai adalci ne da ya riga ya bayyana hanya sarai, kuma ga uwarsa, wadda ya fi so a duniya, tana tafiya a wata hanyar dabam. Da Kawu Badung kuwa gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ita ma a tsaitsaye.

Shekarun baya kaɗan Loyis ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Bayan an sallamo ta daga asibiti Mariya ta bar wa Kausar benci, ta tare a Daɗin Kowa tana jinya. Ta shimfiɗa dardumarta a lungun ɗakin, ƙarƙashin kalandar coci. Matan zumunta sukan zo da rana su kewaye gadon suna waƙoƙi da Hausa, Mariya ta dama musu kunun gyaɗa. In la'asar ta yi suka ga ta ɗauki buta, sai su sassauta murya da kansu har ta sallame. In ta ɗaga hannu tana roƙa wa uwarta sauƙi, daga kan gado takan ji an ce amin da karkataccen baki.

Mariya ba ta yaudari kanta ba. Ita ma, can ƙasan ranta, tana fatan wata rana Mama ta kira ta ta ce, koya mini abin da kuke faɗa. Ta sha roƙon haka a sujada. Amma ba ta taɓa iya buɗe baki ta nema ba, domin ta ga yadda fuskar tsohuwar ke saki idan ana waƙoƙin nan, irin sakin da ba a ƙirƙirarsa.

Da jiki ya ƙara tsanani, likita ya ce a koma gida a ci gaba da kula da ita kawai. Wata rana da hantsi Sharafa ya iso. Mariya na ganin idonsa ta san abin da ya kawo shi. Kawu Badung na zaune kan kujera a bakin ƙofa. Sharafa ya gaishe shi, ya wuce ya durƙusa gaban gado, ya kama hannun uwarsa mai lafiyar.

"Mama, ban taɓa roƙonki komai ba tun da na girma. Yau na zo roƙo. Kalma ce guda, ba ta da tsawo. Ki faɗa bayana, don Allah, Mama. Ina so mu haɗu a can."

Badung ya miƙe tsaye. "A cikin gidana? Mace tana kwance ba ta iya kare kanta, shi ne za ka zo ka sace mata bangaskiya? Fita!"

"Kawu, uwata ce."

"Kafin ta zama uwarka yayata ce!"

Mariya ta shiga tsakani tana ba da haƙuri, ba mai jinta. Sai Loyis ta bugi ƙarfen gado da zoben hannunta. Duk suka juyo gare ta. Maganarta a lokacin a hankali take fita, sai an kasa kunne.

"Badung, zauna. Yaron nan ba sata ya zo yi ba. Tsoro yake ji, kuma saboda ni yake jinsa. Kai ka taɓa jin tsoro saboda ni har ka kasa cin abinci?"

Badung ya koma ya zauna, yana huci. Ta juyo da ido kan ɗanta.

"Sharafa, na san wannan tsoron. Kana tsammani kai kaɗai ne? Duk zamana da ubanka, ba Lahadin da ban roƙa a juyo mini da shi ba. Har azumi na yi a kansa, bai sani ba. Da ya rasu kuka ɗauke shi kuka tafi, ni aka bar ni da abin da aka koya mini, cewa wanda bai bi ta hanyarmu ba ya ɓata. Na yi wata da watanni ina faɗa da Allah. Na ce masa, Ishaku fa? Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba? Wanda yake ɗinka wa marayu kayan Sallah ya ce wani ne ya biya?"

Ta tsaya ta huta. Mariya ta ɗiga mata ruwa da cokali.

"Me Ya ce miki?" Sharafa ya tambaya.

"Bai ce komai ba. Uwata ma, kakarku, ba ta taɓa shiga coci ba, ba ta taɓa shiga masallaci ba. Dagwi take kira, sunan Allah da yarenmu, in ta ga hadari ya haɗo ko yaro ya kwanta ciwo. Ita ma na tambaya a kanta, ba a ba ni amsa ba. Daga baya na gaji, na ce to, na bar maka su, Kai Ka yi su. Tun ranar na sami barci." Ta matse hannunsa. "Wanda nake magana da shi tun ina yarinya, da sunan da na san shi, shi zan kira in lokaci ya yi. In na faɗi abin da kake so don in faranta maka, ƙarya na yi. Kana so in tafi da ƙarya a bakina?"

Sharafa ya kifa kansa a gefen katifa ya yi kuka irin wanda Mariya ba ta ga ya yi ba tun suna yara. Bai ce ya yarda ba, ita ma ba ta nemi ya ce ba. Tana ta shafa kansa har ya yi shiru. Da azahar ta yi, ya tashi zai fita neman masallaci, Badung ya nuna masa famfon bayan gida ba tare da ya dube shi ba, ya ce akwai tabarma mai tsabta a falo.

Loyis ta cika wata safiya, Mariya tana goge mata fuska da ruwan ɗumi, matar Badung tana riƙe da ƙafafunta. Mariya ta yi salati, matar Badung ta kira Yesu, a lokaci guda, ba wadda ta dubi wata.

Aka sa ranar jana'iza: addu'a a coci a Daɗin Kowa, binnewa a ƙauye. Sharafa ya ce wa yayarsa shi ba zai shiga coci ba, kada ta sa rai. Ranta ya sosu amma ba ta ja da shi ba. Ita ta je, da hijabinta, Musiliu a gefenta da hularsa, suka zauna a bencin baya. Ba ta yi waƙa ba, ba ta durƙusa ba, ta dai zauna ta ji ana faɗin alherin uwarta da bakin mutanen da ba ta sani ba. Wata ta ce Loyis ce ta koya mata saƙar da ta riƙe 'ya'yanta da ita bayan mutuwar miji. Wani ya ce a wani rikicin da aka yi bayan ta koma Daɗin Kowa, da samari suka so tare wani mai sayar da nama a bakin layi, ita ce ta fito da sandarta ta tsaya gabansa.

Da ayarin motoci ya isa ƙauye, suka tarar ba a gama haƙar kabari ba. Ƙasar wurin dutse ce, samarin da aka sa aikin sun sha wuya tun safe. Mariya ta matsa kusa, sai ta ga mutum cikin ramin har ƙirji, ya tuɓe riga ya bar singileti, gemunsa ya yi ja da ƙasa, yana sara da diga. Sharafa ne. Ashe tun bayan sallar asuba ya hau babur ya taho. Wani daga cikin samarin ya ce sun yi sun yi ya fito ya huta, ya ƙi, ya ce ba wanda zai gyara wa uwarsa makwanci sai shi. Tafin hannunsa duk ya fashe.

Da aka zo saukar da akwati ya kama igiya tare da su. Da fasto ya buɗe littafi, sai ya ja da baya, ya koma gindin wata bishiya can nesa ya tsaya, hannuwa a bayansa, har aka gama. Badung ya bar mutane ya taka har wurinsa da gorar ruwa. Mariya tana hango su. Ba ta ji abin da suka ce ba, ta dai ga tsohon yana zuba masa ruwa a hannu, shi kuma yana wankewa.

Bayan kwanaki Mariya ta je wurin malamar da ke karantar da su a makarantar matan aure, ta tambaye ta abin da ya halatta ta yi wa mahaifiyarta. Malamar ba ta ɓoye mata ba: ta ce a abin da suka karanta, ba a nema wa wanda ya rasu a kan wani addini gafara. Amma ta ce zumuncin uwa bai mutu ba, ta riƙe danginta, ta girmama ƙawayenta, ta cika alkawuran da ta bari. Mariya ta yi godiya ta taso. Maganar ta yi mata nauyi, kuma ba ta ga tana da ilimin da za ta ture ta ba. Abin da ta samar wa kanta shi ne, in ta kai goshi ƙasa, bayan ta gama roƙonta, sai ta ce, "Ya Allah, ga Loyis." Daga nan ta yi shiru na ɗan lokaci. Ba ta roƙa, ba ta yanke hukunci. Da ta gaya wa Musiliu, ya daɗe yana jinjina kai, ya ce shi ma zai riƙa yi wa ƙanin babansa haka.

Ita da Sharafa har yau ba su zama ɗaya a kan wannan magana ba. Shi yana nan kan abin da ya karanta, in an taɓo zancen sai idonsa ya kawo ruwa ya ce Allah ba ya zalunci, ya tashi. Ita kuma takan ce rahamar da aka ce ta yalwaci komai, ba ta san iyakarta ba, kuma ba ta ga wanda ya sani ba. Sun daina ƙoƙarin jawo juna. Abin da ya canja shi ne, da idon Kawu Badung ya fara yin yana, Sharafa ne ya riƙa zuwa yana kai shi asibiti a bayan babur, suna tafe suna gardamar ƙwallo.

Bara matar Sharafa ta haihu, bayan an daɗe da fid da rai, aka sami mace. Ranar suna da sassafe an shimfiɗa tabarmi a ƙofar tsohon gidan Malam Ishaku, maza sun taru, Mariya na cikin gida tana fama da tukwane, sai Kausar ta shigo da gudu ta ce ta zo ta gani. Ta leƙa ta zaure. Motar Musiliu ce ta tsaya, ga Kawu Badung yana saukowa da sandarsa da kwat ɗinsa na zuwa coci. Rabonsa da Nasarawa Gwom tun kafin rikici. Tsofaffin layin suka gane shi, aka yi ta miƙa hannu, aka matsa masa wuri kusa da liman. Da aka ɗaga hannu ana addu'a ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya sunkuyar da kai. Aka sanar da suna: Fatimatuzzahra.

Da aka watse Sharafa ya shigo da shi cikin gida, ya karɓo jaririyar ya ɗora masa a hannu. Badung ya kai fuskarsa kusa da tata saboda idon, ya daɗe yana kallo.

"A wurinmu," in ji shi, "dangin uba ta wajen uwa su ma suna da sunan da suke ba yaro. In ba za ka ji haushi ba."

"Bismillah, Kawu."

"Kangyang. Shi ne sunan da uwarmu ta sa wa uwarku, kafin a yi mata baftisma ta zama Loyis."

Mariya da Sharafa suka dubi juna. Duk tsawon rayuwarsu ba wanda ya taɓa gaya musu.

"Kan-gyan," Sharafa ya gwada.

"A'a, ka cinye ƙarshen. Kangyang."

Ya sake gwadawa, ya sake ɓatawa. Matan da ke tsakar gida suka fashe da dariya, Musiliu ya ce a bar shi da shi, ai shi Bayarabe ya fi su iya lanƙwasa harshe, ya faɗa ya fi kowa kwaɓawa. Jaririyar ta farka ta tsala kuka. Mariya ta karɓe ta daga hannun Kawu, ta saɓa ta a kafaɗa tana jijjigawa, ta ce a zuba wa baƙo waina tun da zafinta.